Awakin Malam Hammawa

Malam Hammawa bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma akwai jirgi ɗaya a Azare da ba ya tashi sai da izininsa. Iyayensa Fulanin Yobe ne. Shi kuma maigadi ne a wani kamfani mai kawo ƙaramin jirgi duk damina don feshin tsuntsayen janbaki. Babban aikinsa korar awaki daga hanyar jirgin.

A shekararsa ta farko ya yi aikin da ƙwazo. Wata la'asar gabas ta yi baƙi, gwiwarsa na ciwo kamar yadda take yi in za a yi ruwa, amma ya kore awakin tas. Jirgi ya tashi, hadari ya rufe duwatsun Shira, matuƙin bai ga dutse ba sai da ya ji shi. An kwaso shi da karaya biyu, jirgin kuma a amalanke.

Maigadi ba ya ce wa matuƙi kada ya tashi, Malam Hammawa ya san matsayinsa. Sai dai tun daga ranar, in gwiwa ta motsa, yakan barbaɗa dusa a tsakiyar hanyar.

Bana aka kawo sabon matuƙi, Kyaftin Saleh, mai duba yanayi a waya. Wata rana ya zo tashi, ya tarar da awaki suna cin dusa a tsakiyar hanyar.

"Baba, a kore su. Waya ta ce babu ruwa yau."

"Ina kan kora, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga sanda a hankali, kamar mai gudun ɓata wa akuya rai.

"In minti goma ya cika suna nan, gobe wani zai riƙe sandar nan."

Baki tara ke cin tuwo a gidan Malam Hammawa. Ya dubi gabas, ya shafa gwiwa.

"Allah ya ba shi sa'a. Waccan jar akuyar ko Fillanci ba ta ji."

Minti goma ya cika, wani goman ya biyo baya. Sannan iska ta taso, ta ɗage rufin rumfar gadi, aka tsuge da ruwa har magariba. Awakin suka watse da kansu.

Washegari Kyaftin ya zo, ya sauke buhun dusa a bakin rumfar.

Adalci ya sa in faɗa cewa gwiwar takan yi kuskure. Sau biyu ta tsayar da jirgi ko yayyafi ba a yi ba, janbaki suka yi walima a gonakin Disina. Duk da haka, in Kyaftin ya gama duba waya, yakan leƙa ya ga inda awaki suke.