Kwamfutar Bogi da Sunan Babana

Ni ɗan Kankia ne. Kafin a fara nuna ni da baki, ba a san ni da komai ba sai gyaran waya da kwamfuta a 'yar rumfata ta bakin tasha. Mahaifina ma'auni ne a kasuwar hatsi. Daga Tafashiya har Fakuwa, in aka ce Malam ma'auni ya faɗi magana, to an gama. Albarkacin wannan suna nake ci ban sani ba, kuma shi na zubar da hannuna. Samari, ku ba ni kunnuwanku.

Abin ya faro ne da dawowar Nura daga Kano. Aminina ne tun firamare, kwano ɗaya muke ci, innata ma ɗana take ce mashi. Shi ya koya mani wata dabara. Kun san kwamfutocin nan masu tsada, masu tambarin tuffa? Manhajarsu kamfanin ya yi ta ne don injinansa kaɗai, amma ashe ana iya lallaɓa ta ta hau kan wata kwamfutar daban. Aiki ne na mai haƙuri, yau sauti ya ƙi, gobe intanet ya ƙi. Ranar da ta tashi a tsohuwar laftof ɗina, wallahi har tsalle na yi.

Da fari ba mu cuci kowa ba. Ɗalibai ke kawo nasu mu ɗora masu, kuma sun san abin da aka yi masu. Sai Nura ya fara shigo da wasu kwamfutoci sirara masu ruwan azurfa, an manna masu tuffa a baya. Ya ce, "Wa ya taɓa riƙe ta asali a garin nan? Ka ce 'yar Turai ce." Na ce gabana na faɗuwa. Ya kwashe da dariya. "Kai dai matsoraci ne tun muna yara. Ni in kawo, kai ka sayar, ai kai aka sani."

Abu ɗaya ke tona asirin irin wannan kwamfuta: in mai ita ya sabunta manhajar, tana iya mutuwa nan take. Mu kuma mun san mutanenmu, ba mai ƙona datarshi a kan sabuntawa. Da wannan muka dogara, muka yi ta sayarwa.

Sai ga Lawal, wani mai ɗaukar bidiyon biki daga Kusada. Shanun huɗar gidansu ya sayar don ya sayi mai tuffa, wai an ce ita ce ta aikin bidiyo. Kun san al'adarmu, ba a sayen babban abu sai wani dattijo ya tsaya. Wajen Baba ya fara zuwa. Baba ya riƙo hannunshi har rumfata, ya dube ni ya ce, "Kai, wanga abu na gaskiya ne?" Na sunkuyar da kai na ce, "Na gaskiya ne, Baba." Ya ce, "To Lawal, saya. Ni na tsaya." Da a nan na ja da baya, da yau ba na wannan labari. Na miƙa hannu aka ƙulla ciniki.

Ba a jima ba Lawal ya samu aiki a Katsina, a wani otal mai intanet na kyauta. Kwamfuta ta nemi a sabunta ta, shi kuma ganin banza ta faɗi, ya danna. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin, da bidiyon bikin mutane a cikinta. Ya kai wa wani mai gyara a can, mutumin ya kwance bayanta ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Lawal bai zo wajena ba. Ranar kasuwa ya je ya aza ta a kan buhun geron Baba, a gaban jama'a, ya ce, "Ga abin da ka tsaya mawa."

Da 'yan sanda suka kama ni, sauran waɗanda muka cuta suka yi ta ɓullowa. Ban ɓoye ba, na ce ni da Nura ne. Aka kira shi. Ya shigo da shaddarshi tana ƙyalli, ya rantse shi tsofaffin kwamfutoci kawai yake sayar mani, bai san abin da nake ɗora masu ba. Kuma gaskiya ba wanda ya taɓa karɓar komai daga hannunshi. Da zai fita na ce, "Nura, ni? Har ni?" Ya matso ya ce a hankali, "Masu hannu irin naka sun yi yawa a Kano. Sunan tsohonka ne babu a can." Wallahi ɗaurin da alƙali ya yi mani bai ƙona mani rai kamar wannan magana ba. Mutumin da innata ke ajiye wa ƙanzo! Ko leƙo ni bai yi ba a gidan yari.

Da na fito na tafi Kusada neman gafara. Na tarar da Lawal a gona yana noma da fartanya, babu shanu. Ya ce ya yafe don Allah, amma bai miƙo mani hannu ba.

Daga nan na biya kasuwa in gaida Baba. Na hango shi daga nesa, ya rame, yana shirin auna wa wani mutumin garin Ƙofa gero. Sai mutumin ya zaro tiya daga cikin buhunshi ya ce, "Malam, yi haƙuri, da wannan za ka auna." Tiyarshi ya zo da ita daga gida. Baba ya karɓa ya auna. Ni kuwa na kasa ƙarasawa, na laɓe bayan rumfa ina hawaye.

Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Na koma gyara, kuma duk abin da na ɗora wa kwamfuta sai na faɗa wa mai ita ƙarara. Ku koyi sana'ar, samari, ba laifi. Amma duk abokin da ya ce shi zai kawo, kai ka yi magana don kai aka sani, ka tsaya ka tambayi kanka wa aka sani ɗin. Ni na gama wa'adina na fito. Baba har yau da tiyar wasu yake awo.