Aljanin da Ya Shiga Likkafanin Inna

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, kuma da hannuna na jawo.

A lokacin muna zaune a Makka, a unguwar Hindawiyya, tun tana bayan gari, a shekarun da aka fara rushe gidajen kusa da Harami don a faɗaɗa shi. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da ƙaninsa, da mahaifiyarsu wadda kowa yake kira Inna. Sana'armu farin yadi. Alhazai sukan sayi yadi, a jiƙa musu shi da ruwan Zamzam, a shanya, su koma da shi ƙasarsu ya jira ranar da za a naɗe su a ciki. Maigida ne yake ɗauko ruwan a garwa, ni da Inna mu jiƙa, mu shanya, mu ninke. Saboda haka duk inda ka juya a gidanmu likkafani ne, har kan igiyar da muke shanya kayan sawa.

Amma akwai guda ɗaya da ba na sayarwa ba ne. Na Inna ne. Ita ta kaɗa zarensa tun tana ƙasar Kano, mijinta ya saƙa shi siri-siri aka haɗa. Da shi suka taso a ƙafa, suka ratsa Barno, suka yi shekaru suna cirar auduga a Sudan. Can mijin ya rasu. Ita ta ƙetaro teku da 'ya'yanta biyu da wannan farin saƙi a ka. Kowace shekara sai ta fito da shi daga adaka, ta jiƙa shi da Zamzam, ta shanya, ta mayar. Ba ta da abin da ya fi shi a duniya, har da 'ya'yan.

Ƙanin maigidana direba ne, yana jan mota tsakanin Jidda da Makka. Ya ga teku, ya ga Turawa, don haka ba ya yarda da abin da ba zai iya kwance shi da sifana ba. Yana salla, ban ce ba ya yi ba. Amma in aka ce an ji motsi a kangon maƙwabta, sai ya ce, "Aljanun Alƙur'ani na yarda da su. Na Hindawiyya ne nake cewa ɓeraye."

Wata rana ya dawo da akwatin ƙarfe da manyan faifai biyu. Wani Bamasare mai dafa abinci a Jidda ne ya ba shi aro. Ya ce sunan abin silima, kuma a ciki akwai aljani, zai nuna mana shi don mu san cewa haske ne da inuwa kawai. A wancan zamanin ba a yin wannan a fili. Sai ya shirya da wani Bahadarme, Balaraben ƙasar Yaman mai kanti, wanda yake da injin wuta da kuma ɗakin ajiyar buhuna marar taga, aka sa lokaci tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da rana ta kori kowa daga titi.

Ya same ni a bakin murhu ya ce, "Matar Yaya, ara mini farin yadi mai faɗi. Wanda bai sha Zamzam ba tukuna."

Na ce, "Kai da ba ka tsoron aljani, me ya dame ka da Zamzam?"

Ya ce, "Inna nake tsoro."

Na je igiya. Na kanti duk shara-shara ne, kana hango yatsunka ta ciki. Sai na ga wani mai kauri a ƙarshen igiya, ya bushe ƙamas. Ina sauri, tuwo yana kan wuta. Na naɗe na miƙa masa. Ban san da safen nan Inna ta buɗe adakarta ba.

Muka taru a ɗakin buhuna, mu wajen ashirin, maza a gaba, mata a baya kan buhunan shinkafa. Inna ma ta zo da carbinta. Ta ce ba kallo ta zo yi ba, ta zo ne ta ga abin da za ta hana.

Aka rataye yadin a bango, aka kunna. Larabcin Masar suke yi, muna tsintar rabi. Wani likita ne mai gashin baki ya sayi tsohon gida, a tsakar gidan akwai rijiya da aka rufe da dutse. Wani tsohon shehi ya zo ya ce kada ya buɗe. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka ɗaga dutsen. Hayaƙi ya fito, ya taru, ya zama wani dogon abu mai kofato. Daga nan likita bai ƙara samun sukuni ba. Tulu ya faɗo ya fashe ba wanda ya taɓa shi, ƙofofi suna rufe kansu, matarsa ta fara magana da muryar namiji. Ya ba ta allura, ya ba ta ƙwaya, abu sai gaba. A ƙarshe ya zube kan gwiwoyinsa yana kuka, ya ɗaga hannu yana kiran Allah, dogon abin nan yana tsaye a bayansa.

Nan faifai na biyu ya ƙare. Yadi ya koma fari fat. Kuma a cikin wannan farin hasken ne Inna ta ga ɗinkin da ya haɗa saƙin, layi-layi, da wurin da ta taɓa yi wa ƙari da zarenta.

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, ta ratsa maza, ta shafa yadin da tafin hannu. Ta juyo ta ce da ɗanta, "Sa sauran."

Ya ce, "Inna, babu saura. Faifai uku ne, na ukun ya ɓace tun a jirgi."

Ta ce, "To ta ina ya fita?"

"Wa?"

"Mai kofaton. Na ga shigarsa likkafanina. Ban ga fitarsa ba."

Ana haka aka kira la'asar, Bahadarme ya kashe inji, kowa ya sulale.

Inna ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta hana a shigar da likkafanin ɗaki. Aka rataye shi shi kaɗai a tsakar gida, aka kwashe na alhazai daga kusa da shi don kada abin ya yi naso. Ta ce ba za ta kwanta kabari ita da namiji ba, balle mai kofato. Ta kuma sanar da mu cewa ba za ta mutu ba sai an fitar da shi, saboda haka ta daina barcin rana, ta daina cin abu mai ƙashi.

Maigida, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ɗauko malamin unguwa. Malam ya duba yadin ciki da waje, har ya sansana. Ya ce haske ba najasa ba ne, in ma najasa ne ruwa yana kawar da ita, a sake jiƙa shi da Zamzam shi ke nan.

Inna ta ce, "Allah gafarta Malam, da Zamzam a jikinsa ya shiga. Wanda bai hana shi shiga ba, shi zai fitar da shi?"

Malam ya sha shayinsa, ya ce zai duba littafi. Bai dawo ba.

Direba kuwa ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya warware faifan a rana, ya nuna mata ƙananan hotuna jere. "Ga shi nan, Inna. Aljaninki bai kai ƙwayar dabino ba. Wani Bamasare ne ya hau sanduna ya yafa bargo. Yanzu haka yana can yana cin wake."

Ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Wanda zai iya ƙanƙancewa haka, ina ne ba zai shiga ba?"

Kwana huɗu muna haka. Inna ta rame, idanunta sun faɗa. A rana ta biyar na tarar da direba yana mayar da faifan kan abin naɗinsa, yana juyawa da hannu. Na tambaye shi me yake yi. Ya ce in an gama kallo dole a mayar da shi farko.

Na ce, "In ana mayarwa, mutanen ciki su ma komawa suke yi?"

Ya saki abin naɗin ya dube ni. Ya ce, "Matar Yaya, ashe ba tuwo kaɗai ke cikin kanki ba."

Washegari bayan azahar muka koma ɗakin buhuna, mu huɗu da Bahadarme. Aka rataye likkafani. Inna ta zauna a gaba, wurin maza, ta fara karanta Falaƙi da Nasi. Direba ya murɗa wani abu, makina, wato akwatin ƙarfen nan, ta fara tafiya da baya, babu murya.

Sai ga likita a kan gwiwoyinsa. Hawayen suka hau kumatunsa suka koma ido. Hannuwan da ya ɗaga suka sauko. Ya miƙe. Ya zare allura daga hannun matarsa, ruwan ya koma kwalba. Gutsattsarin tulu suka taso daga ƙasa suka haɗu, tulun ya hau mazauninsa ya zauna lafiya lau. Aka sauya faifai. Dogon abin ya yi ta ja da baya kamar mai fita daga gaban manya, ya narke ya zama hayaƙi, rijiya ta shanye shi, dutse ya koma. Likita ya riƙe ciki yana dariya a fuskar shehi.

Inna ta ce, "Tsaya."

Ya tsayar.

Ta ce, "Wannan bawan Allah da muka bari yana kiran Ubangijinsa, me ka yi masa?"

"Ban yi masa komai ba, Inna. Farko ke nan."

"Ka mayar da shi kafirci. A kan likkafanina. Dawo da shi."

Ya murɗa gaba. Dutse ya tashi, hayaƙi ya fito. Inna ta ce a'a, ba da wannan ba, likitan kawai take so a dawo da shi, a bar mai kofato a rijiya. Direba ya share gumi ya ce ba ya yiwuwa, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. In aljani yana rijiya, likita yana dariya. In likita yana addu'a, aljani yana bayansa.

Ta ce, "Nemi tsakiya."

Ya nema. Gaba, baya, gaba, baya. Sau uku tulun nan yana fashewa yana haɗuwa. Maigida ya buɗe baki karo na farko a ranar ya ce shi dai tausayin matar likitan yake ji, allura nawa ke nan. Bahadarme ya ce fitilar makina ta yi zafi, in ta ƙone wa shinkafarsa ɗaki ba ruwansa da aljani ko likita, kuma la'asar ta kusa.

Babu tsakiya. Duk inda aka tsayar, ko dai hayaƙi ya riga ya leƙo, ko gashin bakin nan yana murmushi.

Inna ta sunkuyar da kai, carbi yana tafiya a hannunta. Can ta ɗago ta ce, "Shi likitan yana da sauran kwana, ga ƙuruciya, ga faifai na uku a wani wuri. Ni ba ni da su. Rufe rijiyar."

Ya mayar har dutse ya zauna daram. Ta sa aka kashe makina a daidai nan, ta sauke likkafaninta da hannunta tun kafin a buɗe ƙofa, ta ninke shi ta rungume. A hanya ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Gobe ki ɗauko Zamzam garwa biyu." Da na ji haka na san an yafe mini. A daren ta ci kan rago.

Bahadarme bai sake ba da ɗakinsa ba. Ya tsufa a kantinsa, daga baya 'ya'yansa suka mayar da shi Jidda. Makina ta koma wa Bamasare, ban sake jin labarinsa ba. Malamin unguwa ya yi shekaru yana sauya hanya in ya hango Inna. Maigida ya ci gaba da ɗaukar ruwa har famfo ya zo ya karɓe masa sana'a, ya koma sayar da carbi, ya rasu a wata Sha'aban. Direba ya yi aure a unguwar Utaibiyya, ya haifi tara. Har ya mutu yana cewa haske ne da inuwa, amma da ya sayi gida mai tsohuwar rijiya sai ya sa aka cike ta da siminti, ya ce saboda yara.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya. Duk ɗawafin da ta yi sai ta roƙa wa likitan nan shiriya, bayan mijinta, kafin 'ya'yanta. Ni na yi mata wanka, ni na naɗe ta a cikin saƙinta, aka kai ta maƙabartar Ma'ala.

Ni kuwa ga ni, na ga jikokin jikoki. Nawa likkafanin na kanti ne, yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, makullin yana wuyana. Maƙwabta sun san ni: ina ba da aron turmi, ina ba da aron tukunya, amma ba na ba da aron farin yadi.