Ranar Da Ban Taka Kuloci Ba

Laraba ce, damina ta yi tsakiya. An yi ruwa kafin asuba, gari ya yi sanyi, gero ya wuce kafaɗar mutum. Na sha kunu, na goge sirdin kekena, zan tafi Islamiyyar da nake koyarwa a ƙauyenmu, yamma da Batsari. Ba wanda ya tashi da wani tunani sai na noma.

A ƙofar gida na iske yayana Rabe yana zuba wa mota ruwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, gida ɗaya, ya girme ni da shekara huɗu. A-kori-kura gare shi, tsohuwa, da ita yake kai gero da gyaɗa kasuwannin Batsari da Safana. Sitatarta ta daɗe da mutuwa. Don haka kullum kan gangaren ƙofar gida yake aje ta, hancinta na kallon ƙasa, ya sa dutse a taya. In za a tafi sai a cire dutsen, ta gangara, a saki kuloci a giya ta biyu, ta tashi. Tun da daji ya lalace, makulli a jikinta yake kwana.

Shi ya matsa sai na koyi tuƙi. Ya ce wata rana abu zai taso ba ya gida. Sau biyar ya ɗora ni a filin makaranta, sau biyar muna rabuwa da faɗa. Ni malami ne, ni na saba gyara wa mutane, ban saba a daka mani tsawa gaban jama'a ba. Shi kuwa bakinshi ba ya gajiya da magana ɗaya: in za ka tsaya, kuloci tukuna, sannan birki. A na biyar na ce ya riƙe motarshi, kekena bai taɓa mutuwa a hanya ba. Ya yi dariya, ya ce Alaramma ya yi fushi. Da safen nan ma da sunan ya gaishe ni, ya saɓa fartanya ya nufi gonarshi da ke bakin hanyar Batsari.

Sha ɗaya saura kwata muka fara jin babura daga yamma. Ba biyu ba, ba uku ba. Ƙara ce guda mai kauri, kamar an tada injinan niƙa da yawa lokaci ɗaya. Sai harbi ɗaya. Shiru. Sai aka buɗe wuta ba tsayawa.

"Sun shigo! Ku fita!" Muryar ladan ce daga masallaci.

Na kora ɗalibai cikin gero ta bayan aji. Na bar keke, na bar takalmi ɗaya, na ruga gida.

Inna, mahaifiyarmu, tana zaune tsakar gida, gwiwoyinta sun daɗe da hana ta sauri. Na sungume ta na sa a gaban mota. Matata Binta da Hajara matar Rabe suka loda yara a baya. Maƙwabta mata suka hau, da wani tsoho makaho. Namiji mai lafiya ni kaɗai ne. Na zauna, na murɗa makulli, na taka kuloci, na sa giya ta biyu. Hajara ta ture dutsen da ƙafa, ta ɗare. Mota ta gangara. Na saki. Ta yi tsalle, ta tashi.

Allah Ya gani, a wannan halin ma sai da na ji daɗin kaina. Na ce a raina, yau Rabe zai san na iya.

Ban sauya giya ba, tsoron taɓa komai nake. Inji na kuka, laka na fallatsa. Mun wuce rijiya, mun wuce maƙabarta, hayaƙi ya fara tashi a bayanmu. Sha ɗaya da 'yan mintuna, sai ga Rabe ya faso daga cikin gero yana ɗaga hannu.

Na danna birki. Birki kaɗai. Mota ta girgiza sau biyu ta mutu.

Wurin shimfiɗe yake, ba gangare ko kaɗan. Da inji ya yi shiru sai muka ji baburan sosai. Sun bar gari, sun hau hanyarmu.

Na buɗe ƙofa zan ba shi wuri. Ya maido ta da ƙarfi.

"Zauna! Ba ka da ƙarfin turi. Giya ta biyu, taka kuloci, kada ka saki sai na ce."

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya zaga baya, ya sa kafaɗa. Binta da Hajara suka diro, suka kama gefe da gefe. Mota ta motsa da ƙyar, mutum goma sha huɗu na ɗauko a kanta. Garaje ya sa na saki tun bai ce ba. Ta yi tari, ta tsaya cak.

"Taka! Jira ni!"

Suka sake turawa. Ina jin nishinshi ta cikin ƙarfen motar. Taya ta fara juyawa, ta ƙara, ta ƙara.

"Saki!"

Na saki, na danne totur har ƙasa. Ta tashi, ta fizga. Matan suna riƙe da ƙarfen gefe, na sama suka jawo su. Rabe da ke tsakiyar baya ba abin da ya riƙe. Ya kifa cikin laka.

A madubi na ga ya miƙe. Na ga ya fara gudu. Can bayanshi, wajen kukar da ke kan kwana, babur na farko ya ɓullo.

"Kuloci! Taka kuloci ka jira ni!"

Na ji shi. Kada wani ya ce mani ƙarar inji ce ta hana, kowane harafi na ji. Mata suna dukan rufin mota da tafin hannu. Inna ta kama hannun rigata, ta ce, "Sada, tsaya mashi." A hankali ta faɗa.

Kaina ya san abin da zan yi. Ƙafar hagu ƙasa, sannan ta dama a kan birki, inji ba zai mutu ba. Kai, ko birkin ban taɓa ba, da na ɗaga ƙafa daga totur kawai, da ya kamo mu, don Rabe ya iya gudu. Amma abu ɗaya ne ya cika mani kai: ɗazu na taɓa ta, ta mutu. Ƙafata ta hagu tana sama da kuloci, ta ƙi sauka.

Na daɗe ina gaya wa mutane wai mutum goma sha huɗun nan na duba. Liman ma haka ya ce mani, ya ce zaɓi ne mai wuya kuma na yi daidai. Ƙarya ce. A lokacin ban ƙirga kowa ba, ban tuna ko Inna da ke gefena ba. Tsoro nake ji, na kaina.

A madubi gudunshi ya ragu. Ya tsaya. Ya dafa gwiwoyi yana kallonmu. Sai ya juya ya faɗa cikin gero. Hanya ta lanƙwasa, na daina ganin komai. Harbi uku na ji, biyu a jere, ɗaya daga baya.

Baburan ba su biyo mu ba. A giya ta biyu na kai mu har Batsari, ruwan inji na tafasa, yara na kuka. Sha biyu saura muka shiga gari. A bakin tasha mutane suka taro mu. Na taka kuloci, na taka birki. Ta tsaya lafiya lau, inji na ci gaba da aiki. Na zauna ina sauraren shi har wani direba ya zuro hannu ya kashe.

Washegari da hantsi muka koma da rakiyar jami'an tsaro. Rumbuna sun ƙone, shanu babu. Rabe muka fara samu, cikin gero, kunya shida daga bakin hanya, rigarshi duk busasshiyar laka ta gaba. Ni na yi mashi wanka, ni na ja sallarshi, don an ce ni ne malami.

Hajara ba ta taɓa ce mani komai ba. Tana baya, ta ga abin da ban gani ba. Har yau in mun haɗu takan durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gajiyar makaranta, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Inna ta yi wata bakwai ta bi shi. Ita ma ba ta tada maganar ba.

Ranar da muka rufe shi, da aka watse, na koma wurin ni kaɗai. Ba a sake ruwa ba, komai na nan kan hanya. Ga inda taya ta kwarzane laka, ga gurbin gwiwoyinshi, ga sawunshi ba takalmi. Na bi sawun ina ƙirgawa har inda ya karkata cikin gero. Taku tamanin da ɗaya. Iyakar nisan da ya bi ni ke nan yana zaton zan tsaya.