Ƙanin Mijina Ya Baƙanta Mini Kwamfuta

A lokacin da abin nan ya same ni, ina matar aure mai 'ya'ya uku a unguwar Sabo da ke ƙasar Yarbawa, sana'ata tsara katin biki da kalandar suna a kwamfuta daga cikin ɗakina. Mata su turo hotuna ta waya, in tsara, maigidana ya kai wurin bugawa. Ana cikin haka idona ya fara yaji, kaina yana sarawa ta gefen hagu, in na dubi ƙwan lantarki sai in ga wani zobe ya kewaye shi.

Maigidana ya ce mu je asibitin ido, ƙaninsa ya hana. Mutumin nan cajar waya yake sayarwa a kan teburi a tashar Ojoo, amma ya sa yara suna kiransa injiniya, kuma ba ya buɗe baki sai ya cusa Turancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Ya yi mana dariya, wai likitoci tabarau kawai za su liƙa mini, ai farin hasken kwamfuta ne ke ƙona ido, kuma maganin yana hannunsa. Ya hakimce a kujerata, ya kore ni daga bayansa wai kada in ga sirrin aiki, ya yi ta danne-danne. Da ya tashi, fuskar kwamfutar ta koma baƙa, rubutun fari. Daga baya na gano wuri biyu kawai ake dannawa. Ya cinye tuwona, ya fita yana shelar ya ceci idon matar yaya.

Gaskiya yajin ya ragu, shi ya sa muka bar zancen asibiti har damina ta wuce. Ran nan na shiga kasuwar Shasha sayen kayan miya, wani ɗan dako ya taho ta haguna da buhun albasa. Wallahi ban gan shi ba sai da muka yi karo, na faɗa kan kwandon tumatirin wata Bayarabiya. Tana kakkaɓe ni tana tambayata da Yarbanci ko ba na gani ne. Da na koma gida na rufe idon dama da tafin hannu, sai na ga rabin ɗakina babu shi.

Da muka je asibiti, likita ta ce ruwan cikin idon ne ya hau ya danne jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da maganin ɗigawa har ƙarshen rayuwata. Ta tambayi me ya zaunar da ni tuntuni. Shi kuwa injiniya da ya zo dubiya, ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi wataƙila ni ce na mayar da farin a ɓoye. Har yau yana nan a tasha yana rarraba wa mutane fatawa, daga ciwon ido har ciwon ƙoda.

Ban ce baƙar fuskar kwamfuta ba ta da amfani ba, tana rage gajiya, har yanzu da ita nake aiki. Amma abin da ya rage miki zafi daban, abin da ya warkar da ke daban. 'Yan'uwana mata, in ido ya fara ciwo ku kai shi wurin wanda ya karanci ido, ko da duk dangin miji za su yi fushi. Ni na ji nauyin musa wa ƙanin miji, ga shi yanzu autana yana tsayawa a haguna yana miƙo mini hannu, ban san yana wurin ba sai ya yi kuka.