Ranar da Anti Indo Ta Zauna a Benci

Duk wadda ta taɓa kai jariri rigakafi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan layin masu kemis a Gyadi-Gyadi ta san Anti Indo mai kati. In ma ba ta gan ta ba, ai ta ji ta. Muryar gado ce. Mahaifinta ladan ne a Tarauni tun kafin masallacin unguwarsu ya samu lasifika, kuma cikin 'ya'yansa tara Allah bai ba kowa maƙogwaron ba sai macen. Tunda ba kiran salla za ta yi ba, sai ta juye shi a kan katin asibiti.

A shekarar 1999 ta kama aikin, wata biyar bayan rasuwar mijinta, wanda ya bar ta da yara huɗu a gidan haya a Daurawa. Tsohon likita mai asibitin ya ba ta tebur, kujera, da kabad ɗin ƙarfe mai durowa shida. A kan teburin nan ta aurar da 'yan mata biyu, ta kai namiji ɗaya jami'a. Da a motar hayis take zuwa, yanzu a adaidaita, amma ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi mata a hanya ba. Kati ko ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba, kuma za ta faɗa maka haka ko ba ka tambaya ba.

Doka ɗaya ce da ita: sunan yanka. Ka san halin mutanen Kano. A haifi yaro a sa masa sunan kakansa, shi ke nan uwa ta shiga uku, don ba ta isa ta kama sunan surukinta da baki ba. Sai a laƙaba wa yaro Abba, ko Khalifa, ko Baffa, mace kuwa Ummi ko Walida. Anti Indo ta san wannan sarai, ai a ciki ta tashi. Amma da zarar ta zauna a kujerar nan sai ta manta.

"Khalifa ba suna ba ne, yarinya! Khalifa goma sha uku gare ni a durowar nan kaɗai. Sunan yanka! Kunya a bar ta a gida, nan asibiti ne."

In yarinya ta daure ta faɗa ƙasa-ƙasa, sai Anti Indo ta maimaita yadda mai rake na bakin titi ma zai ji. A ganinta aiki take yi, kuma aiki mai kyau.

Da tsohon likita ya ajiye aiki, 'yarsa Likita Safiyyah ta karɓi asibitin. Ba ta yi wata uku ba ta lura da wani abu: iyaye mata suna kawo jarirai allurar farko, ta biyu kuwa sai a neme su a rasa. Bencin da a da ake rigimar wurin zama a kansa, yanzu har a miƙe ƙafa. Wani ɗan kamfani ya zo ya ce laifin layi ne, ya tallata mata injin da zai riƙa ba wa kowa lamba yana nunawa a allo. Har awo ya yi da tef, kuma inda ya auna, daidai inda teburin Anti Indo yake.

Likita Safiyyah, wadda Anti Indo ta goya tana ƙarama, ba ta yi mata ɓoye-ɓoye ba.

"Anti, in injin nan ya zo, ba a buƙatar teburin kati. Amma ba zan saya ba sai mun yi bitar mako biyu. Abin da bitar ta nuna, shi zan bi."

"To, Allah ya nuna mana," in ji Anti Indo. A adaidaita ranar ba ta yi wa direba faɗa ko sau ɗaya ba. Shekararta hamsin da bakwai. Ina za ta?

Mai koyar da bitar wani Mista Filibus ne, mutumin Pankshin, siriri, mai yawan murmushi, Hausarsa tas. Ya ce abin da ya kawo sunansa dizain tinkin, wato hanyar warware matsalar wurin aiki ta fara daga mutumin da matsalar ke ci. Ya raba wa ma'aikata 'yan takardu masu gam, ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ya ce kowa ya rubuta dalilin da yake jin mata ba sa dawowa, ya manna a bango. Bango ya cika. Wani ya ce zafi, wani ya ce tsada. Anti Indo ta rubuta nata da manyan baƙi: lalacin matan zamani.

Filibus ya karanta, ya gyaɗa kai. "Madalla. Duk wannan zato ne. Anti, yaushe rabonki da zama a bencin can?"

"Ni? Ni da nake da kujera?"

"To ranar Laraba, ranar rigakafi, ke za ki zauna mana. Ba za ki gyara komai ba, ba za ki yi magana ba. Kallo da sauraro kawai."

Ma'aikata suka fashe da dariya, don ba a taɓa jin an haɗa Anti Indo da sauraro a zance ɗaya ba. Ita kuwa ta harare su ta ce za su sha mamaki.

Laraba ta aro niƙabi da safa wurin maƙwabciyarta, ta shigo kamar baƙuwa, ta samu wuri a benci. Kai, ashe bencin nan mugu ne! Ƙafarsa ɗaya gajera, iskar fanka ba ta iso shi, ga teburin kati can gaba kamar na alƙali. Nas Janet aka ɗora a kujerar.

Wata mata a gefenta ta leƙa ta ce wa ta kusa da ita, "Yau Lasifika ba ta nan?"

"Allah ya sa tafiya ta yi mai nisa."

"Amin, 'yar uwa. Ni saboda ita na mai da ɗana na biyu wani asibiti a Hotoro. Yau ma don babu yadda zan yi ne."

Anti Indo ta ciji leɓe a cikin niƙabi har ta ji gishiri. Lasifika! Ita! Ta yunƙura za ta tashi, ta hango Filibus a bakin ƙofa yana girgiza mata kai, ta koma ta zauna.

Nas Janet yarinya ce mai sanyi, amma ba ta taɓa ganin an yi aikin kati ta wata hanya ba, don haka yadda ta gani haka ta kwaikwaya, har da buga biro a tebur. Layi ya zo kan wata yarinya, Fiddausi, haihuwar fari, uwar mijinta na biye da ita riƙe da jakar jariri.

"Sunan yaro?"

"Khalifa."

"Khalifa ba suna ba ne! Sunan yanka! Kunya a bar ta a gida!"

Fiddausi ta dubi surukarta. Surukar ta dubi silin, don ita ma ba ta iya taimaka mata, sunan nata mijin ne, kakan yaron. Idon mutanen benci ya dawo kan yarinyar. Sai hawaye. Ta gyara goyonta ta juya ta fice, tsohuwar na bin ta, ba a yi wa yaro allura ba.

Daga kujera Anti Indo ta sha ganin bayan irin waɗannan yaran suna fita, tana cewa taurin kai ne. Fuskar ce ba ta taɓa gani ba. Kunya ta lulluɓe ta, ta ji haushin kanta irin wanda ba ta taɓa ji a kan kowa ba. Ta bi su har bakin titi, ta tsaya tana kallo adaidaita ta kwashe su.

Da yamma a ɗakin bita ta je bango da kanta, ta ɓalle takardarta, ta dunƙule. "Ni ce," ta ce. "Ba layi ba ne, ba zafi ba ne. Ni ce nake korar su." Ta faɗa ne tana sane cewa ta ba wa injin makami a kanta. Likita Safiyyah ta sunkuyar da kai.

Filibus bai yaba mata ba, bai kuma lallashe ta ba. Ya ce yanzu an san matsala: yadda uwa za ta karɓi katin ɗanta ba tare da ta kama sunan da ba ta iya kamawa ba. Ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya haɗa abin gwaji mai arha, da kwali ko da me, a gwada a kan mutane na gaske. In zai lalace, gara ya lalace da wuri.

Rukunin masu son inji suka yanka takardu suka rubuta lambobi, suka rataye kwali a matsayin allo. Gaskiya abin ya yi aiki, ba wanda aka kira da suna. Sai dai wani jariri ya cinye lamba bakwai, kuma kakanni biyu da ba su iya karatun boko ba suka zauna har azahar suna jiran a kira su.

Anti Indo kuwa kasuwar Tarauni ta nufa, wurin wani tela, ta dawo da buhun ƙyallaye. Ta ce macen Kano ko ba ta san bihim ba, za ta gane zanen atamfa daga tsallaken titi. Ta yanka kowane ƙyalle biyu, ɗaya a maƙala a kati, ɗaya uwa ta ɗaura a bakin mayafi. In layi ya zo sai ta ɗaga ƙyalle sama, mai irinsa ta taso. Suna kuwa, ta nuna shi da biro a kan kati, uwa ta gyaɗa kai. In sabuwa ce, ta rubuta a takarda, ko ta nuna a waya, ko Anti Indo ta riƙa raɗa mata sunaye a kunne har a dace.

Gwajin farko ya watse kafin ƙarfe goma. Ashe a buhun akwai leshi, akwai shadda, akwai atamfa 'yar roba. Wata Hajiya ta ce a kan me za a ba wa waccan leshi ita a ɗaura mata roba, ita ta yi kama da 'yar roba? Sai da Filibus ya shiga tsakani, yana dariya har da riƙe ciki. Anti Indo ta kwashe buhunta tana mita, ta zauna ta tsince, washegari ta dawo da atamfa zalla, duk daraja ɗaya. Aka sake gwadawa, layi ya tafi sumul. Wahalar ɗaya ce: raɗa. Raɗar Anti Indo ta farko har ɗakin haihuwa an ji, sai da ta yi kwana uku tana koyo.

Laraba ta ƙarshe benci ya ɗan cika, don labari ya zaga. Anti Indo ta zaci Likita ce za ta yanke hukunci a ofis. Sai ta ji Filibus na cewa ai ba haka ake yi ba, waɗanda aka yi abin dominsu su ake tambaya. Ya tsaya gaban benci ya ce, "Iyayenmu, kun ga lamba, kun ga ƙyalle. In lamba ce, inji za a kawo. In ƙyalle ne, Anti Indo ce za ta ci gaba da zama a nan. Wanne kuke so?"

Innalillahi! Matan da Anti Indo ta shekara ashirin da shida tana yi wa tsawa, yau abincinta a bakinsu yake. Wata na gyara goyo, wata na kallon farcenta.

Anti Indo ta miƙe, ta zagayo gaban tebur.

"Kafin ku faɗa, ni ina da magana. Na san abin da na yi muku. Na kunyata 'ya'yan mutane a gaban surukansu, ina ganin aiki nake yi. Ko inji kuka zaɓa, ba ku zalunce ni ba. Amma don Allah ku yafe ni."

Can ƙarshen benci wata dattijuwa ta gyara zama. Hajiya Hasana ce daga Tarauni, ta rako matar ɗanta.

"Indo, kin gane ni?"

"A'a, Hajiya."

"Ni kuwa ban manta ki ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan, a gaban teburin nan kika sa na kama sunan surukina, uwar mijina na tsaye. Kuka na yi har gida, wata guda ba na iya haɗa ido da ita. Yaron da na goyo ranar, yau ɗansa na kawo." Ta numfasa. "Na rantse ba zan ƙara taka nan ba. Jiya aka ce min kin koyi raɗa, na ce sai na gani da idona. Na gani. Inji bai san ya yi laifi ba, balle ya nemi gafara. Likita, a bar mana ita. Na yafe miki, Indo."

"A bar ta," in ji wata. "A bar ta, amma a gyara ƙafar bencin nan," in ji wata. Hayaniya ta tashi. Likita Safiyyah ta dubi Filibus, ta ɗaga hannu biyu ta ce ta ji, teburi na nan.

Anti Indo ba ta koma kujerarta ba. Ta taka har ƙarshen benci, ta durƙusa gaban Hajiya Hasana, ta riƙe hannunta da hannu biyu. Ta so ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta, kukan ma mai ƙara, har jarirai uku suka taya ta. Hajiya Hasana ta matsa ta ba ta wuri, ta ce, "Tashi ki zauna, Indo, ki gama tukuna. Za mu jira."