Inna Tsaya da jan layi

Kowa a sansanin 'yan gudun hijira ya san Inna Tsaya, har sunanta na yanka ya ɓace. Kafin yaƙi wankau take yi. Da aka ƙone garinsu, mijinta ya rasu a hanya, ita kuwa ta turo tsohuwarta makauniya a baro kwana huɗu, ƙanwarta Auta na biye da ƙunshin kaya.

Ba su gama hutawa ba annoba ta ɓulla, zazzaɓin nan mai sa jini ya tsinke wa mutum, wanda taɓa gumin mai shi kaɗai ya isa. Likitocin agaji suka kafa tantuna, suka ɗauki Auta aikin shara a ciki. Inna kuwa aka ba ta bakin ƙofar fita. Akwai jan layi a ƙasa. Tana tsaye a bayansa da tankin feshi a goye. Duk wanda ya fito cikin rigar roba mai rufe mutum ruf, sai ta feshe shi, sannan ta riƙa faɗa masa abin da zai cire ɗaya bayan ɗaya. Hannu ya kuskura ya nufi fuska, sai ka ji "Tsaya!" kamar an harba bindiga. Babban likita ma, wani dogo mai furfura, ya sha tsawarta. Yakan ce gara annobar da bakin Inna, ita kuma ta ce ai kunne ya ji, jiki ya tsira.

Amma fa a tsorace take kullum. Ba mutuwar take tsoro ba, a cewarta; tsohuwa take ji. Tsohuwar ba ta cin abinci sai daga hannunta, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka. Shi ya sa in Inna ta tashi aiki sai ta wanke hannu har fatar ta yi fari kafin ta shiga bukkarsu.

Ranar da abin ya faru, rana ta take tsaka, tanti kamar tanda. Auta ta daɗe a ciki tana goge aman wani mara lafiya. Ta fito tana tangaɗi, tabarau ya yi hazo. Inna ba ta ko fara feshi ba, sai ta ga gwiwoyin ƙanwarta sun lanƙwashe, kanta ya nufi bakin ƙarfen bokiti. Matar da ta yi wata biyar tana hana mutane motsi, wallahi ba ta san lokacin da ta tsallake layin ba. Ɗan'uwa rabin jiki. Ta cafe Auta, kumatunta ya manne da jiƙaƙƙiyar robar.

Auta ta farfaɗo, zafi ne kawai, rigarta ba ta yage ba. Inna ce aka wanke wa fuska sau uku. Likita ya ce sai ta yi kwana ashirin da ɗaya a tantin keɓewa, ana gwada zafin jikinta safe da yamma. Ta ce ta sani, ai ita ke faɗa wa wasu.

Auta kan zo bakin wayar da aka kewaye tantin da ita, ta kawo labari: tsohuwa ta ƙi ci, sai ruwa. A rana ta takwas Inna ta tashi da ciwon kai. Malamar jinya ta duba ma'aunin zafi, ta sake dubawa, ta ce za a ɗebi jini. Inna ta miƙa mata hannu.

Da la'asar sai ga Auta ta turo tsohuwa a baro har bakin waya, wai ko jin murya zai sa ta ci. Tsohuwar ta rame, ta zura hannu ta ramin wayar tana lalube.

"Matso in ji fuskarki," in ji ta.

Inna ta ja da baya taku biyu. Tsohuwa ta ji ƙarar takalmin a kan tsakuwa.

"Guduna kike yi?"

"A'a, Mama. Ki ci daga hannun Auta. Ki saba da shi."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin wayar, bai koma ba.