Hannun Baba a Cikin Randa

Jiya a Gamboru aka naɗe min ƙosai a takardar Turanci mai zanen randa, sai na tuna Baba.

Ban yi boko ba. Ruwa nake rabawa a sansanin gudun hijira, ƙarƙashin wata ƙungiya. Baba ne ke fassara mana littattafan binciken 'yan jami'a. Shekarar da gudawa ke kwashe yara, ya shafa bular wanki a hannunsa, ya tsoma moɗa cikin randa. Ruwan ya yi shuɗi.

Ya ce, "'Yata, duk kaurin littafin nan, abin da yake faɗa ke nan. Hannu ne ke kawo cutar, ba rijiya ba."

Tun rasuwarsa littattafai na zuwa, babu mai buɗewa. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan yaran da za mu binne bana.